Bargery Mai Ƙamus: Tarihinsa da Makomar Aikinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ta Kawo, watau ƙofar Kaduna ta wajen arewa, ya kasa kunne na ɗan lokaci, zai ji Hausa iri-iri. Ga Basakkwace yana cigiyar motar gida, ga Bakatsine yana neman ragi, ga Bahaɗeje da Badauri da Bazazzagi, kowa da irin lafazinsa da irin kalmominsa. Ran Talata kuwa, idan kasuwar Kawo ta cika, sai a ƙara da Hausar ma'auna da ta mahauta da ta 'yan koli da ta dillalai. Waɗannan kalmomi dukiya ce ta gado, ba su da wani mai su in ban da masu furta su.

Fiye da shekara ɗari ke nan Gwamnatin Turawa ta ɗauki wani ma'aikacinta, ta ɗora masa nauyin bin ƙasar Hausa ya tattara irin waɗannan kalmomi cikin littafi guda, tana biyansa daga kuɗin jama'a. Littafin ya fito a Landan cikin 1934, amma ba a buga shi a ƙasar masu harshen ba sai cikin 1993. Wannan ma'aikaci shi ne G. P. Bargery, wanda babu ɗalibin Hausa da zai gama jami'a bai ji sunansa ba.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a kawo taƙaitaccen tarihinsa, daga haihuwarsa zuwa rasuwarsa, sa'an nan a dubi wata tambaya da aikinsa ya bari a baya. Tambayar kuwa ita ce, idan an yi bincike da kuɗin jama'a, aka miƙa sakamakon ga kamfanin ɗab'i, ina haƙƙin kamfani ya tsaya, ina kuma na jama'a ya fara?

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi George Percy Bargery ran 1 ga Oktoba, 1876, a birnin Exeter da ke kudu maso yammacin Ingila. A nan garin ya yi karatunsa na farko a makarantar Hele, daga nan ya wuce Kwalejin Islington, inda ƙungiyar mishan ta C.M.S. take horar da waɗanda za ta tura ƙasashen waje. Ya kuma yi karatu a Jami'ar Landan. Cikin 1899 aka naɗa shi limamin Kirista.

Wani abin lura shi ne, a shekarar da aka haife shi ne J. F. Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, ya fitar da nasa ƙamus na Hausa. Shi Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Ya koyi harshen ne daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, da kuma bakin Dorugu, yaron nan da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. A shekarar da aka naɗa Bargery kuwa, Maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta soma fitar da ƙamus na C. H. Robinson, wanda shi ya taka ƙafa har Kano, amma 'yan watanni kaɗan ya yi a can. Cikin 1906 kuma Mischlich ya fitar da nasa da Jamusanci. Ke nan ba Bargery ne ya fara yi wa Hausa ƙamus ba. Abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne daɗewa cikin masu harshen, da kuma samun Gwamnati ta tsaya masa.

Zuwansa Nijeriya

Bargery ya iso Nijeriya ta Arewa cikin 1900, shekarar da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, tun Kano da Sakkwato ba su shiga hannun Turawa ba. A wannan shekara ce wani ayarin C.M.S. ƙarƙashin Bishop Tugwell, cikinsu har da Likita Mila, ya kai Kano, Sarkin Kano Alu ya umurce su da su fice masa daga gari. Suka juyo suka yada zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau. Sai cikin 1905 mishan ɗin ta sami wurin zama a birnin Zariya.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa abin da ya kawo Bargery shi ne yaɗa addinin Kirista, kuma wannan buri bai sami shiga sosai a biranen Musulmi ba. Amma shekara goma da ya yi yana wannan aiki sun ba shi wani abu da bai zo nema ba, watau kunnen jin Hausa. Ɗan mishan na wancan zamani ba shi da dogari ba shi da tafinta irin na Razdan. In yana son a saurare shi, tilas ya zauna kan tabarma ya yi magana yadda mutane ke yi. Cikin 1910 rashin lafiya ya kama shi, aka mai da shi gida.

Bai cika shekara biyu a Ingila ba sai ya dawo, amma wannan karo a matsayin ma'aikacin Gwamnati a Ma'aikatar Ilmi. A lokacin ilmin boko yana jariri a Arewa, domin cikin 1909 ne Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. Aka tura Bargery ƙasar Tibi, wajen kogin Binuwai, inda ya kafa musu makarantar Gwamnati ta farko. Daga wannan lokaci har zuwa 1930 albashinsa daga baitulmalin Gwamnatin Nijeriya yake fitowa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan magana, domin za a komo kanta a gaba.

Aikin Ƙamus

Cikin 1921 Gwamnan Nijeriya, Sir Hugh Clifford, ya zaɓi Bargery don ya shirya ƙamus na Hausa. Dalilin Gwamnati a fili yake. Da Hausa ake mulkin Arewa, da ita Di'o ke rangadi, da ita ake sauraron ƙara, da ita ake ba soja da ɗan sanda umurni. Akwai jarrabawar Hausa da ake bukatar ma'aikatan Turawa su ci, ga shi kuwa ƙamus na Robinson ya kasa biyan bukata. Saboda haka tun daga tushe ba don Bahaushe aka nufi yin littafin ba, don mai mulkin Bahaushe ne.

Shi dai Bargery bai tsaya ga abin da Di'o ke bukata ba. Ya ɗauki Hausar Kano ya mai da ita ginshiƙi, sa'an nan ya bi sauran kare-karen harshen yana tsinto kalmomi, yana sa wa kowace alamar inda ake faɗinta, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Zazzau, ko Daura, ko Haɗeja. In aka tuna cewa a shekarun 1920 jirgin ƙasa bai kai yawancin waɗannan garuruwa ba, babu kuma irin rikodar da ɗalibi ke ratayawa yau ya shiga ƙauye, za a gane girman wahalar. Kowace kalma sai an ji ta, an sa an maimaita, an tambayi ma'anarta, an nemi jam'inta da jinsinta, an rubuta da hannu, sa'an nan a gwada ta ga wani mutum dabam don a tabbatar.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bargery ya yi aiki da malamai Hausawa, ya kuma ɗebo daga bakin masu sana'a iri-iri, domin sunayen sassan masaƙa ba a samunsu sai wurin masaƙi, launukan doki sai wurin barga, ire-iren goro sai wurin fatake. Daga ɓangaren Turawa kuma Gwamnati ta ba shi aron R. C. Abraham, wanda ya yi wajen shekara biyu yana taya shi. Shaihin malamin nan Bajamushe, Diedrich Westermann, shi ya rubuta bayanin da aka sa a farkon littafin game da Hausawa da harshensu.

Babban abin da Bargery ya zo da shi sabo shi ne nuna karin sauti da tsawon wasali. Bahaushe ba ya ruɗewa tsakanin kukan yaro da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki, ko garin Kano da garin tuwo, amma a rubuce ba su da bambanci. Magabatan Bargery sun bar baƙo cikin duhu a wannan fage, shi kuwa ya ɗauki kalma ɗaya ɗaya yana nuna hawa da saukar murya. Gaskiya ne ya yawaita rabe-rabe, har ya kasa karin sauti kashi shida. Abraham ne ya gyara wannan cikin littafinsa na ƙa'idojin Hausa, wanda Maɗaba'ar Gwamnati ta Kaduna ta buga cikin 1934, ya nuna cewa uku ne kawai, watau na sama da na ƙasa da faɗau. Duk da haka wanda ya share gona ya fi wanda ya zo cira shan rana.

Cikin 1930 Bargery ya bar aikin Nijeriya ya koma Landan da tarin takardunsa, ya shiga aikin tacewa da duba gyaran maɗaba'a. Yana cikin wannan ne matarsa ta fari, wadda suka yi aure tun 1906, ta rasu cikin 1932, saura shekara biyu littafin ya fito.

Fitowar Littafin

Cikin 1934, bayan shekara goma sha uku da ba da umurni, Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da ƙamus ɗin a Landan. Yana da shafi 1,226 ban da na gabatarwa, ya ƙunshi kalmomi kimanin 39,000 na Hausa da bayaninsu cikin Turanci, sa'an nan a ƙarshe akwai jerin kalmomin Turanci da ke mai da mai nema ga takwarorinsu na Hausa. A shafin farko an bayyana ƙarara cewa don Gwamnatin Nijeriya aka harhaɗa shi.

Wanda ya saba da littafin ya san ba jerin kalmomi ne kurum ba. Cike yake da karin magana da kirari da salon magana da bayanin al'adu. Bargery yana da wata dabara ta tara kalmomi masu makusanciyar ma'ana a ƙarƙashin kalma guda. Alal misali, wanda ya buɗe kalmar ƙato zai tarar da kalmomi fiye da ɗari waɗanda duk girma suke nunawa, kowace da irin abin da ake siffantawa da ita. Da yawa daga cikin kalmomin da ke ciki yau sun ɓace daga bakin matasa, sai fa a wurin tsofaffi da mawaƙan baka. Don haka ne mai nazarin waƙoƙin ƙarni na goma sha tara, ko waƙoƙin fada, in kalma ta gagare shi, Bargery yake fara nema. Ko sunan unguwar da aka buɗe wannan rubutu da ita yana ciki, domin akwai kawo na itace, akwai kawo na aikatau.

Littafin bai rasa aibi ba. An buga shi tun ba a daidaita rubutun baƙaƙe masu lanƙwasa ba, saboda haka wanda ya saba da rubutun yau sai ya ɗan yi fama kafin ya gane tsarinsa. Ga kuma matsalar karin sauti da aka ambata. Amma har yau duk wanda ya tashi yin ƙamus na Hausa daga rumbun Bargery yake fara awo.

Sauran Rayuwarsa da Rasuwarsa

Tun yana duba gyaran ƙamus Bargery ya fara koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Gabas ta Jami'ar Landan, wadda daga baya aka ƙara mata da na Afirka. Ya sami ƙarin girma cikin 1935, ya kuma sake samu cikin 1937, shekarar da jami'ar ta ba shi digirin Dokta na adabi saboda wannan ƙamus. Ya sake aure cikin 1940. Ya yi ritaya cikin 1947, amma bai daina koyarwa ba, har ma ya riƙa koya wa sababbin ma'aikatan mulkin mallaka Hausa a Oxford da Cambridge kafin a turo su Nijeriya.

Matarsa ta biyu ta rasu cikin 1952. A shekarar da ta biyo, yana da shekara saba'in da shida da 'yan watanni, ya amsa kiran wata ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Ingila, ya komo Kano don ya shugabanci sabuwar fassarar Sabon Alkawari zuwa Hausa. Watau dai a ƙarshen rayuwarsa ya koma ga aikin da ya fara kawo shi. Ya zauna har 1957, sa'an nan ya koma gida, aka ba shi lambar girma ta O.B.E. Ya rasu ran 2 ga Agusta, 1966, a gidan ɗansa a garin Tring, yana da shekara tamanin da tara. Wasu daga cikin takardunsa suna ajiye a ɗakin adana takardu na makarantar da ya koyar a Landan.

Ƙamus na Wane Ne?

In aka duba da kyau za a ga hannu huɗu ne suka haɗu suka yi wannan littafi. Na farko, Hausawa masu harshen, su suka ba da kalmomi. Na biyu, masu biyan haraji da jangali da kuɗin fito, su suka ɗauki albashin Bargery da na Abraham da guzurin tafiye-tafiye, domin wani kaso na harajin da hakimai da dagatai ke tarawa Gwamnati ake kai wa. Manomin ƙauyen Kawo na wancan zamani, wanda hedkwatar Arewa ta tare kusa da gonarsa cikin 1917, yana da kwabonsa a ciki ko bai sani ba. Na uku Bargery, wanda ya ba da ƙwazo da basira da shekarunsa. Na huɗu maɗaba'a, wadda ta mai da tarin takardu littafi.

Biyun ƙarshe sunayensu na kan bango. Biyun farko kuwa su ne suka fi kowa nisa da littafin, saboda katanga uku. Katanga ta ɗaya harshe, domin da Turanci aka yi bayanin, masu jin Turanci kuwa a Arewa cikin 1934 ba su taka kara sun karya ba. Ta biyu nisa da tsada, domin littafi ne na ƙetare, ba irin wanda malamin elementare zai saya da albashinsa ba. Ta uku ikon sake bugawa, domin in kofe ya ƙare a kanti ba mai ikon ya ƙaro sai wanda haƙƙin ɗab'i ke hannunsa. An sake buga shi a Ingila a shekarun 1950, daga nan ya yi wuyar gani. Sa'ad da aka buɗe sassan koyar da Hausa a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, ɗalibai suka yawaita, sai ya zamana littafin da ya fi kowane muhimmanci gare su shi ne wanda ba a ba da aronsa a laburare. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Ba kuwa don Gwamnati ba ta san hanyar kai rubutu ga talaka ba ne. A daidai wannan zamani Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta East, ta fitar da ƙananan littattafan hira irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar don 'yan makaranta, cikin 1939 kuma aka soma sayar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a kan kwabo ɗaya. Abin da ake so talaka ya karanta an san yadda za a kai masa. Ilmin bincike ne aka ɗauka ba nasa ba ne.

Labarin ƙamus na Abraham ya ƙara fito da wannan magana fili. Bugun farko na 1949 wakilan Gwamnatin mulkin mallaka ne suka fitar da shi a Landan, da sunan mutum biyu, Abraham da Malam Mai Kano. Da aka zo bugu na biyu cikin 1962 a Maɗaba'ar Jami'ar Landan, sai sunan Abraham kaɗai ya rage.

To, amma adalci ya wajaba a yi wa masu ɗab'i. A zamanin da ake jera baƙaƙen dalma, buga shafi fiye da dubu mai cike da alamomin da ba a saba da su ba aiki ne na gwanaye, ga takarda, ga ɗinki, ga ajiya, ga jigila. Masu sayen irin wannan littafi kuwa 'yan ƙalilan ne, sai a shekara da shekaru ba a sayar da abin da aka buga ba. Kamfanin da ya ɗauki wannan kasada yana da hujja in ya ce kada wani ya zo daga baya ya kwafe aikinsa ya karya masa kasuwa. Da ba don kyawun aikin maɗaba'ar ba, da wataƙila tarin takardun Bargery sun ƙare a akwati gara ta cinye. Haƙƙin mai ɗab'i gaskiya ne. Abin tambaya shi ne iyakarsa.

Doka ma ta san da wannan bambanci. Dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911, wadda ta yi aiki a Nijeriya har zuwa 1970, ta tanadi cewa aikin da aka shirya bisa umurnin Gwamnati na Sarkin Ingila ne har shekara 50 daga ranar bugawa, sai fa in an yi wata yarjejeniya da mawallafi. Bisa wannan lissafi littafin da ya fito cikin 1934 zai zama na kowa bayan 1984. In kuwa an ɗauki littafi a matsayin mallakar mawallafinsa, dokar Nijeriya ta 2022 ta ba magada shekara 70 bayan rasuwarsa, wanda ga mutumin da ya rasu cikin 1966 zai kai ƙarshen 2036. Tsakanin lissafin nan biyu akwai shekara hamsin da biyu, watau rayuwar aikin malami guda da ta ɗalibinsa. Wannan ya nuna cewa 'yar takardar da ake sa wa hannu tsakanin hukuma da mai bincike da kamfani ba ƙaramin abu ba ce.

Dawowar Ƙamus Gida

Cikin 1993 Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fitar da bugu na biyu, tare da ƙarin kalmomi da sabuwar gabatarwa daga Neil Skinner. Shekara hamsin da tara ke nan bayan bugun farko, ashirin da bakwai bayan rasuwar mai shi. Daga baya kuma aka zuba littafin a intanet yadda mutum zai rubuta kalma ya nemo ta. Katangar harshe ita ma an sassare ta, musamman da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da babban ƙamus na Hausa zuwa Hausa cikin 2006.

Wannan gardama ba ta tsaya ga Hausa kaɗai ba. Da intanet ta rage tsadar yaɗa rubutu, masana a ƙasashe da dama sun tashi suna tambayar dalilin da zai sa jama'a su biya kuɗin bincike, su kuma sake biya kafin su karanta sakamakonsa. Cikin 2002 aka fitar da sanarwar Budapest mai kira da a buɗe sakamakon bincike ga kowa. Cikin 2008 Amurka ta wajabta cewa binciken da hukumarta ta nazarin lafiya ta ɗauki nauyinsa a sa shi inda kowa zai karanta kyauta, ba a wuce wata goma sha biyu da bugawa ba. An bar wannan tazara ne don kamfanoni su mai da kuɗinsu. Cikin 2011 aka kai wa majalisar ƙasar wani ƙuduri mai goyon bayan masu ɗab'i don a soke irin wannan sharaɗi, amma malaman jami'a suka yi ca, aka yi watsi da shi cikin 2012. Cikin 2018 wasu hukumomin bincike na Turai suka haɗu a kan cewa duk wanda ya karɓi kuɗinsu ya buɗe aikinsa nan take, cikin 2022 kuma fadar Shugaban Amurka ta ba da umurnin a cire tazarar wata goma sha biyun.

A nan gida asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, da harajin da ake karɓa daga ribar kamfanoni yake tallafa wa bincike da buga littattafai da mujallu a manyan makarantu. Kuɗin jama'a ne kamar yadda albashin Bargery ya kasance. Kundayen digiri da ke jibge a sassan Hausa, waɗanda aka tattaro daga bakin makaɗa da maƙera da ungozomomi da masunta, su ma hannu huɗun nan ne suke haɗuwa a kansu.

Kammalawa

An ga yadda Bargery ya zo ƙasar Hausa da wata niyya, ya ƙare da yi wa harshen hidimar da ba a yi masa irinta ba kafinsa. Yabon gwani ya zama dole, ko da an saɓa da shi a addini da manufa. An kuma ga cewa aikin da ya ci shekara goma sha uku ana yi, ya ci kusan sittin kafin a buga shi a inda aka ɗebo shi. Ba Bargery ne ya gina wannan katanga da gangan ba, ba kuma za a ce maɗaba'a ta yi zalunci don ta nemi ladan aikinta ba. Kuskuren yana wurin hukumar da ta ba da kuɗin jama'a ba ta yi tanadin yadda amfanin zai komo musu ba.

Saboda haka abin da ya kamata hukumomi da jami'o'i su koya shi ne, tun ranar da za a ba da kuɗin bincike a rubuta sharaɗi. A ba mai ɗab'i lokaci sananne ya mai da abin da ya kashe har ya ci riba, bayan wannan lokaci aikin ya zama kowa na iya karantawa. In littafi ya ƙare a kasuwa kamfani bai sake bugawa ba, ikon bugawa ya komo hannun hukumar da ta biya. A kuma rubuta sunayen waɗanda aka ɗebo ilmin daga bakinsu, a yi ƙoƙarin mai da sakamakon cikin harshensu. In an yi haka, jikan mahaucin kasuwar Kawo da ya shiga jami'a ba zai jira shekara hamsin da tara kafin ya ga kalmar kakansa a rubuce ba.